Daga Ɗaya Zuwa Goma, Inna

Zuwa ga Inna,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙafar taki? Ya Baba da Auta? Ni lafiya lau, sai ɗan ciwon bayan da ban faɗa miki ba, na ɗaukar kwalaye a wurin aiki.

Inna, na ga abin mamaki. Na je asibiti ina jiran allura, sai likita ta miƙo mini tabarmar roba! Wai suna binciken ko yoga, wato miƙe gaɓoɓi da jan numfashi a hankali, tana rage ciwon baya. Haka na shiga cikin masu gwajin, ƙato da ni, ina durƙushe kamar raƙumi.

Duk mako sukan tambaye mu a takarda: ciwonka nawa, daga ɗaya zuwa goma? Ɗaya nake rubutawa, don ba ki koya mana raki ba. A mako na shida likitar ta kira ni ofis. Ta ce, "A takarda ka fi kowa lafiya, amma jiya na ga ka kasa ɗaure takalminka. In ka ɓoye, bincikenmu ya lalace, majinyacin gobe ka cuta."

Ashe haƙuri ma yana cutar da wani? Na karɓi biro na rubuta takwas.

Yanzu ciwon ya sauko biyar, har ina samun barci. A ci gaba da sa ni a addu'a.

Ki sa Auta ta rubuto mini amsa, kuma kada a ce mini "da sauƙi". Ƙafar nan, Inna, daga ɗaya zuwa goma, nawa?

Ɗanki mai kewarki.