Kanar Ya Wuce Landan

Istanbul, daf da bikin sabuwar shekara na Noruz

Yaya Mahin,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Mama? Ya yara da mutanen Hamadan?

Ina lafiya, kar ki damu. Na samu aikin wanke-wanke a gidan abinci. Hannuwana sun ɗan tsattsage saboda sanyi, amma ana ci ana sha.

Kin tambayi Kanar Mofidi, wanda na yi wa tuƙi shekara da shekaru. Bayan juyin juya hali ya kori Sarki daga ƙasa, ni na tsallako da Kanar iyaka, yana ce min, "Kai ɗana ne, inda na sa ƙafa nan za ka sa." Ranar Talata na kai masa burodi masaukinsa, mai gidan ya ce, "Ai ya wuce Landan da iyalinsa. Bai gaya maka ba?" Har karensu sun tafi da shi, Yaya.

Dawowa kuma ba dama, tunda a wurin sababbin masu mulki ni yaron Sarki ne.

Ki aiko min hoton Mama. In ta tambaya, ki ce Kanar yana kula da ni. Allah ya haɗa fuskokinmu.

Ƙaninki,
Kiyumars