A Maido Mini da Jar Takardar da Aka Karɓe a Asaga

Zuwa ga Mai girma Kumandan da ke kula da gaɓar Komadugu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina gajiya, yaya jama'a? Allah ya taimake ka. Sunana Bukar Kyari, manomin tattasai a Asaga, kusa da Diffa. Na zo biro, wato ofishinka, sau biyu ba a bar ni na gan ka ba, shi ya sa na kawo kukana a bainar jama'a.

Na farko. Da ruwan kogi ya cika a bana, 1959, na kai busasshen tattasai kasuwa a tsallake. Mai sayen ya miƙo mini wata takardar fam guda wadda ban taɓa ganin irinta ba, sabuwa fil, ja kamar tattasan da na ba shi. Ya ce wannan ce takardar kuɗi ta farko da Najeriya ta buga da sunanta, ƙasar da ko tutarta ba ta kai ga ɗagawa ba. Ranka ya daɗe, sai na tsaya ina kallon zanen da ke jikinta! Ga kogi, ga itatuwa a bakinsa, na duba gaba na duba baya ban ga Bature ko ɗaya ba. Na rantse ba zan kashe ta ba ko da gero zai ƙare mini. Na naɗe ta cikin rawani, na hau gora na haye, ina miƙe wuya kada ruwa ya taɓa ta.

Na biyu. Mahaifina, Ba Kyari, shi na yi niyyar kai wa. Tsoho ne tukuf, yana kwance a Gagamari wajen ƙanwata, kuma a gabansa aka yi kowane irin kuɗi a wannan kwari. Yana yaro an yi ciniki da gabaga, wato ƙyallen saƙi. Ya ga wuri, ya ga gursu, kuɗin azurfa mai kan mace, ya ga tammar Faransa da sulen Ingilishi. Kullum yana cewa duk kuɗin da ya riƙe a duniya, in ban da gabaga, na baƙi ne. Da na aika masa labari, aka ce ya tashi zaune ba wanda ya tallafe shi, ya ce a kawo masa ya shafa da hannunsa.

Na uku, kuma a nan na yarda akwai nawa laifin. Ɗoki ya hana ni wucewa kai tsaye. A wajenmu, in mutum ya dawo daga tsallake da sabon abu, ba ya shiga gida da shi sai ya nuna a dandali. Na ce kwana ɗaya zan yi. Kwana huɗu na yi! Masunta suka bar koma, mata suka bar daka, Fulani suka tsaya da shanunsu. Kowa sai ya goge hannu a riga kafin ya karɓa. Wani ya ɗaga ta ga rana, sai ga kan wata dabba ya bayyana a cikin takardar, wuri ya kaure da salati da guɗa. Wata tsohuwa ta dage lallai kogin da ke jikin takardar Komadugu ne, har ta nuna inda take wanki. Ni kuma bakina ya ƙi rufuwa, na ce tun da mu ma bara an kira mu jamhuriya, wata rana za mu ga tamu.

Na huɗu. Ranar Laraba da hantsi gardi biyu, wato 'yan sandanka, suka iso dandalin. An kai musu rahoto cewa wani ya shigo da jar takarda daga tsallake, ɓoye cikin rawani, yana tara jama'a suna sowa. Suka ce takardar siyasa ce. Na ce kuɗi ne, suka ce sun san kuɗin Ingilishi kuma ba haka yake ba. To dama ai abin da ya sa muke murna ke nan! Suka tafi da ita, ko rasit ba su ba ni ba. Yau kwana goma sha ɗaya.

Ga roƙona. A duba ta, a tambayi kowane ɗan kasuwa mai haye kogi, a maido mini. Ba musanyarta nake so ba, ko jika, wato tamma dubu, aka ba ni ba zan karɓa ba, ita ɗin nake so. Kuma a nuna wa masu tsaron mashigi irinta, domin wasu na nan tafe cikin aljihun kowa.

A yi da hanzari, don Allah. Tsohon ya daina cin tuwo, sai kunu. Jiya da na je duba shi ya tambaye ni ina take, na kasa faɗa masa gaskiya, na ce Kumandan ne ya ara don shi ma ya gani. Ya yi dariya har ya yi tari, ya ce a bar ka ka more kallo, zai jira. Ban taɓa yi wa mahaifina ƙarya ba sai jiya, kuma da sunanka na yi ta.

Allah ya ja zamaninka, ya ba ka ikon yin adalci, ya sa ka gama lafiya.

Wassalam.
Bukar Kyari, Asaga