Reza a Cikin Gwangwani

Daren Laraba, Maris 2013, Madinat Nasr

Innalillahi! Na raka 'yata Hafsatu wasan nan nasu na neman gwangwanin da ake ɓoyewa, waya tana nuna wurin. Ta zaro shi daga ramin katangar lambu. Tana buɗewa kyankyasai suka watse, ashe dabino wani ya bari ya ruɓe. Ƙarƙashinsa kuma reza ce tsirara!

"Umma, khalas, ya isa, mu mayar, ba namu ba ne."

Ban taɓa ɗaukar kayan wani ba, amma har yara ke zura hannu a ciki. Na zubar da dabinon, na naɗe rezar a hankici. Ta ce ƙa'ida, wanda ya ɗauka sai ya ajiye wani abu. Carbina kaɗai ke hannuna.

Da yatsu na yi tasbihin isha'i.