Shaidar Inna Mero

Wad Madani

Zuwa ga Sabah, uwar Mustafa,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan takarda ta same ki lafiya, ke da yara. Yaya ƙafar Baba, kumburin ya sauka? Ki gaishe shi da kyau, ki gaida Hajiya, ki ce mata busasshiyar kuɓewar da ta aiko ta iso. Tunda waya ba ta shiga Abu Na'ama sai an hau tudu, na koma rubutu kamar lokacin da nake nemanki. Bambancin kawai, yanzu direban bas ne ɗan aiken, ba ƙanwarki ba.

Kin tambayi ofis. Bango dai yana nan. Ƙofar an tafi da ita lokacin yaƙi, littattafan doka kuwa an dafa abinci da su. Yanzu ofishina benci ne a gindin darbejiya a gaban kotu, kusa da mai shayi. Lasisina ma ya ƙare, ga kwamiti biyu kowanne yana cewa shi ne ƙungiyar lauyoyi. In ka sabunta a wajen wannan, wancan ya ce bai san zance ba.

Abin da ya hana ni zuwa wannan watan shari'a ce na karɓa, kuma na san ba za ki ji daɗi ba. Irin wadda ake kira ta'awun ce, wato haɗa kai da mayaƙan da suka riƙe garin nan. An fito da sabon tsari cewa a riƙa gama irin waɗannan da sauri, fayil ma ba ka ganinsa sai safiyar zama. Abokina Ustaz Osman, shi ma lauya, ya ja ni gefe ya ce in shafa wa kaina lafiya, don lauyan da ya kare irin waɗannan mutane shi ma ana fara yi masa kallon ɗaya daga cikinsu. Na san gaskiya ya faɗa.

To amma tsohuwa ce ta zo ta zauna a ƙasa gaban bencina, ta gaishe ni da Hausa. Sunanta Inna Mero, daga wani ƙauyen mutanenmu a bakin babban magudanar ruwa. Ɗanta Abdussalami, ɗan ƙwadago a gonakin alkama, shi aka kama. Wani ya ce ya gan shi yana nuna wa mayaƙa inda wani manomi ya ɓoye hatsinsa. Laifi ne da kan kai mutum ga ɗauri mai tsawo, wani lokaci har ga igiya. Ita kuwa ta ce a wancan lokacin ba sa ma garin. Zazzaɓi ya kwantar da ita, ya ɗora ta a amalanken jaki ya kai ta wani ƙauye a bakin kogi wajen Abu Hujar, can suka zauna har ƙura ta lafa. Na aika wa waɗanda suka sauke su, sun ce Allah ya fid da shi, amma ba mai zuwa. Ban ga laifinsu ba.

Saboda haka ita kaɗai ce shaidata. Na zaunar da ita na yi mata tambayoyi ta kowace fuska, ba ta yi tuntuɓe ba ko sau ɗaya. Ta tuna har launin jakin. Rabon da in ga shaida mai natsuwa haka na manta, shi ya sa raina ya ɗan kwanta.

Ki ce wa Mustafa ya bar wanka a kogi, ki sumbaci Rayan a madadina. Ki sa mu a addu'a.

Mijinki,
Hamid

Wad Madani

Sabah,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Takardarki ta iso, na ji daɗin jin Baba ya fara takawa zuwa masallaci. Faɗan da kika yi mini na karanta shi duka, har wanda kika ƙara a gefen takarda. Kina da gaskiya a yawancinsa. Amma bari ki ji abin da ya faru, don ba ni da wanda zan gaya wa a nan ya fahimta.

An yi zaman. Ɗakin ya cika maƙil, mutanen da ke cikin keji sun fi kujerun da ke waje yawa, alƙali kuma yana son ya gama da su duka kafin azahar. Aka kira Inna Mero ta yi rantsuwa. Larabcinta na gona ne amma ana ganewa. Alƙali ya fara da tambayar da ake fara yi wa kowane shaida, wadda ni ban taɓa ɗaukarta tambaya ba. Ya ce ta dubi keji ta nuna wanda ta zo dominsa, ta faɗi sunansa.

Ta juya fuskarta ga bango. Ya maimaita. Ta ce, “Yaron gidanmu ne.”

Ya ce sunansa yake tambaya. Ta ja mayafi ta rufe baki.

Sabah, a nan ne na gane abin da ke faruwa. Abdussalami ɗanta ne na fari. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa tsayawa ta dube shi a gaban mutane ba. Duk zaman da na yi da ita a gindin darbejiya, “shi” take cewa, ko “yaron”, ko “wannan”, ni kuma kunnena bai ji komai ba, saboda tun tasowata haka na ji tawa uwar tana yi wa yayana. Sunan ma a bakin maƙwabciyar da ta rako ta na fara jin sa. Da Osman ne, wanda ba Bahaushe ba, ya zauna da ita, da tun ranar farko ya tambaye ta me ya sa ba ta ambatar sunan ɗanta. Ni da na san al'adar, ni ne ban gan ta ba.

Na miƙe na nemi izini in yi bayani. Alƙali ya ce lauya ba ya ba da shaida, amma ya bar ni na ɗan yi magana. Na ce kunyar ɗan fari ce, haka iyayenmu mata suke yi. Sai mai gabatar da ƙara ya yi murmushi ya ce shi bai san wannan al'ada a ƙasar nan ba, ko za a duba takardun asalin shaidar. Kin san abin da wannan maganar take nufi ga irinmu Hausawa: a ce mu baƙi ne, ba 'yan ƙasa ba. Matar da aka haifi kakarta a bakin wannan kogi. Na ga in na ƙara kalma ɗaya, maimakon in fitar da mutum ɗaya zan shigar da biyu, sai na zauna.

Aka rubuta cewa shaida ta kasa tantance wanda ake tuhuma, aka sallame ta. Ba a kai ga maganar zazzaɓi da amalanke ba ma. Abdussalami yana cikin keji kansa a sunkuye, shi ma bai dube ta ba.

A waje ban iya yi mata faɗa ba. Ta zauna a ƙasa tana murza gefen zanenta, ta ce ta buɗe baki, sunan ya zo har maƙogwaro, harshen ne ya ƙi. Na tuna yadda Hajiyarmu take jin haushi in kin tsaya a tsakar gida kina ƙwala wa ɗanmu na fari Mustafa kira har maƙwabta su ji, tana cewa 'yan zamani ba su da ta ido. Ki ci gaba da ƙwala masa, na ba ki izini.

Na shigar da roƙo a sake kiranta. Ban sa rai sosai ba, don sabon tsarin bai cika yarda a dawo da shaidan da aka sallama ba. Abinci ba ya shiga mini kwanakin nan, kada ki gaya wa Hajiya.

Naki,
Hamid

Wad Madani

Uwar Mustafa,

Ina gaishe ki, ina gaida Baba da Hajiya da yara. Allah ya sa zazzaɓin Rayan ya sauka. In bai sauka ba kada ki tsaya jiƙe-jiƙe, ki kai ta asibiti.

An ƙi roƙona. An yanke wa Abdussalami ɗauri, irin wanda in ya fito furfura ta riga ta kama shi. Osman ya ce in gode wa Allah da ba a kai ga igiya ba, kuma na gode. Na ɗaukaka ƙara, amma can takarda kawai suke dubawa, ba sa kiran kowa, takardar kuwa abin da ke cikinta kin riga kin sani. Da na je miƙawa magatakarda ya juya lasisina gaba da baya, ya ce hatimin wane kwamiti ne wannan. Ya karɓa dai, ya jefa a kan tarin da ya kusa kai masa kafaɗa. Lauyoyi biyu da muke shan shayi tare sun matsar da bencinsu zuwa wata bishiyar.

Na yi shekaru ina wannan aiki, na sha faɗuwa a shari'a, amma ban taɓa jin ba ni da amfani kamar yanzu ba. Gaskiya tana hannuna, na san inda take, kuma ba ƙofar da zan shigar da ita.

Inna Mero ba ta koma ƙauye ba. Tana kwana a gidan wasu 'yan garinsu a bayan kasuwa. Matar gidan ta gaya mini tana jin ta a bayan ɗaki ita kaɗai, tana gwada faɗin sunan a hankali, ta kai rabi ta tsaya. Kullum da safe sai ta zo bencina ta tambaya ko an sa ranar da za ta koma gaban alƙali. Na yi mata bayani da Hausa, na yi da Larabci. Sai ta gyaɗa kai, gobe ta dawo da tambayar.

Jiya aka kwashe su zuwa wani kurkuku mai nisa. Na samu labari da wuri, na ɗauke ta a raksha, keken nan mai ƙafa uku, muka je bakin ƙofa. Mata sun cika wurin da ƙunshin abinci, ba a karɓi na kowa ba. Babbar mota ta fito da su a tsaye a baya, na hango shi a tsakiya. Ban ankara ba sai na ji ta saki hannuna. Ta ture mata ta shiga gaba, ta yaye mayafin daga bakinta, ta ɗaga murya yadda duk titin ya ji.

“Abdussalami! Abdussalami ɗana!”

Ya waigo yana neman mai kiran. Ya duba dama, ya duba hagu, ya wuce ta da ido, don bai san sunansa da wannan muryar ba. Sai da motar ta kai kwana ya gane, na ga ya ɗora hannu a ka.

Ta tsaya har ƙurar ta kwanta. Sannan ta dawo wurina tana haki, ta kama hannun rigata ta ce, “Ustaz, ka ji, na hwaɗi. Tahi ka gaya ma Maulana alƙali na hwaɗi, shi rubuta.”

Sabah, na ce mata to.

Ki gaida kowa. Zan shigo bas ɗin Alhamis in Allah ya yarda, ina so in ga yara.

Mijinki,
Hamid