Ƙofar Hilmi

Talata, 2 ga Mayu

Yau aka fara kwance gidana. Kwancewa na rubuta, ba rushewa ba, kuma duk ƙauyen nan ni kaɗai ke da ikon rubuta haka. Ruwan madatsar yana tahowa, an ba kowa ɗaki a sabon gari, masu gidajen siminti sun kwashe katifu da tukwane sun bar wa kifi bangwayensu. Nawa gidan kuwa zai bi ni tudu, gungume bayan gungume, zuwa gonar da tsohona ya bari.

Tun lokacin da ni da Usta Temur, babban kafinta, muka sassaƙa gumaguman nan muka haɗa su baki da baki, ba ƙusa ko ɗaya, nake amsa tambayoyi. Ba ya kama wuta? Ƙwari ba sa ci? Sanyi ba ya shiga? Kai da karatunka, malamin makaranta guda, ka koma irin gidan da iyayenmu suka gudu daga cikinsa? Yau ba wanda ya tambaye ni komai. Sun jeru a bakin hanya suna kallo. Na ce matata Feride ta kai musu shayi, don ya dace mai nasara ya nuna karamci.

Asabar, 6 ga Mayu

Usta yana sa wa kowane gungume alama da jan fenti kafin a sauke shi, don ya koma wurinsa. Da aka ɗaga na saman taga, gansakukar da muka cusa a tsakani tana nan a bushe, itacen yana ƙamshin ƙaro kamar jiya aka sare shi. Na kira mutane su sansana. Feride ta ce in daina, ba biki ake yi ba.

Alhamis, 11 ga Mayu

Hilmi ya ƙi karɓar mukullin ɗakinsa na sabon gari.

Yayan Feride ne, kuma shi ne shugaban masu yi mini ba'a tun farko. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana walda a Jamus, ya dawo ya gina bene a bakin kogi, ya ce wa nawa gidan akurkin littattafai. Tun da matarsa Makbule ta rasu shi kaɗai ne a ciki. Yanzu ya fito da kujera ya zauna a ƙofar gida, ya ce idan ruwan ya iso sai su gaisa.

Na sauka da niyyar in ɗan rama. Na ce, "Abi," haka muke kiran yaya, "benen bai shirya tafiya ba?" Ya ce, "Hoja," wato malam, "gidan mutunci ba ya yawo. Naka ne mai ƙafa kamar akuya." Na dawo ina ta gyara amsar da ya kamata in ba shi.

Juma'a, 19 ga Mayu

Tarakta ta kai kaya na ƙarshe tudu. Inda gidan ya tsaya ba abin da ya rage sai duwatsun da ya zauna a kai da bishiyar goro ta Feride, irin goronmu mai ɓawo. Ban ji komai ba. To, kaɗan.

Lahadi, 28 ga Mayu

Bango ya kai ƙirji. Kowane gungume yana faɗawa gurbinsa da wani ɗan sauti, tim, kamar mutum ya zauna a kujerarsa bayan doguwar tafiya. Na karanta littattafai da yawa a kan ƙasashen da suka watse ba su sake haɗuwa ba. Da sun nemi shawarar Usta Temur.

Ruwa ya cinye gonar inabin Hilmi. Mai gari ya je, liman ya je, jandarmomi ma sun je. Kowa ya sha shayi ya dawo.

Asabar, 3 ga Yuni

An ɗora rufi. Na so mu yanka wani abu, amma Feride ta ɓata mini ranar. Ta tsaya a tsakar ɗaki, hannu a ƙugu, ta ce ba za ta kwana a nan ba muddin yayanta yana can ƙasa. Na ce ai an yi masa magana, ba yaro ba ne. Ta ce, "Magana? Kun je kuna yi masa lissafi kamar kuna aji. Kai da bakinka ba ya gajiya, yau ka rasa ta cewa?" Ta ɗauki tukunyar miyar kabeji ta sauka wurinsa, can ta kwana.

Usta ya ce idan ruwan ya hau gadar ƙasa, sai dai kwalekwale.

Laraba, 7 ga Yuni

Na sauka in dawo da matata. Na tarar da Hilmi yana shafa wa ƙofar gidansa fenti, ruwa kuwa bai wuce nisan jifa ba daga inda yake tsaye.

Ban taɓa tsayawa na kalli ƙofar nan da kyau ba, don kallonta yana sa ido ciwo. Ƙarfe ce, koriya shar, da wasu tsuntsaye biyu na walda da suka fi kama da agwagi masu fushi. Feride ta ja ni gefe ta ce shi ya ƙera ta da hannunsa a can Jamus, ya kawo ta a saman mota, Makbule kuma ita ke mata fenti duk bazara. Ya ce mata ɗakin sabon garin nan ƙofarsa ta roba ce, duk iri ɗaya, ko maye bai yi ba mutum sai ya shiga gidan maƙwabci.

Ban ce komai ba. Feride ta ce wannan ma ci gaba ne.

Alhamis, 8 ga Yuni

Ƙofata ta tsage a hanya. Haka na gaya wa Usta, haka kuma zan gaya wa kowa. Ya kalle ni, ya kalli rumfar ciyawa inda wani abu mai faɗi yake kwance a ƙarƙashin buhuna, ya ce lallai hanyar ba ta da kyau.

Itacen da na zaɓa da kaina, na zana mata ganye da reshe, hunturu guda ina sassaƙa.

Juma'a, 9 ga Yuni

Bayan masallaci na je wurin Hilmi. Na ce, "Abi, na zo roƙo. Gidana ba ƙofa." Ya yi dariya har da tari. "Akurkin ya rasa murfi?" Na ce ya ara mini tasa. Ya ce ai ni ƙarfe haramun ne a wurina, ni da nake tara mutane ina musu wa'azin ƙusa. Na ce larura ce.

Ya daɗe yana kallon agwaginsa. Sannan ya ce, "Ba za ku iya kafa ta ba. Kai alli ka sani, Temur kuma da ya ga ƙarfe hannunsa rawa yake." Na ce gaskiya ne. Allah Ya yafe mini, Usta ma ya yafe mini.

Asabar, 10 ga Yuni

Ƙofar ta fi gurbin faɗi. Da hannuna na riƙe zarto na yanke bakin gumagumaina, Hilmi yana tsaye yana cewa in ƙara, in ƙara, ba gashin baki nake gyarawa ba. Sannan ya huda su ya zura ƙusoshi masu kaurin yatsa. Na fita na duba kabejin Feride, wanda ba ya bukatar dubawa.

Da suka gama ya tattara kayan aikinsa zai sauka. Usta, ba tare da ya ɗago kai ba, ya ce gidan itace idan aka sake haɗa shi sai ya yi ta zama a hankali, yana sauka kaɗan-kaɗan, shi ya sa ake barin sarari a saman ƙofa. Ta itace tana haƙuri, ta ƙarfe kuwa idan ba a sassauta mata a kai a kai za ta cije, ko ta lanƙwashe. Hilmi ya ce har yaushe? Usta ya ce shekara, wataƙila biyu. Hilmi ya juyo ya dube ni sama da ƙasa. "Wannan zan bar wa ita? Wanda bai san dama da hagun sukurudireba ba?"

Ya ajiye jakar. Feride ta shige kicin da sauri, na ji tana ta buga tukwane ba dalili.

Asabar, 17 ga Yuni

Gadar ƙasa ta nutse.

Lahadi, 25 ga Yuni

Hilmi yana kwana a ɗakin da na yi niyyar jera littattafai. Suna nan cikin kwalaye, ba su yi ƙorafi ba. Ya ce gidan yana ƙara da safe kamar tsohon da ke miƙa, kuma bai taɓa barci irin na nan ba, amma laifin iskar tudu ne.

Jiya ruwa ya shiga benensa. Daga baranda ana hango shi. Feride ta kalla ta yi kuka. Shi bai fito ba, yana durƙushe yana ɗiga wa ƙofar mai.

Da yamma ya je neman buhu a rumfar ciyawa. Ya dawo ya zauna kusa da ni, ya zuba mini shayi, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce, "Hoja, ƙofarka ta warke." Na ce itace haka yake, wani lokaci yakan haɗe da kansa. Ya ce a Jamus ma ya taɓa jin haka. Muka sha shayinmu.

Muni dai koriyar nan tana da shi, kuma idan ya rufe ta duk gidan sai ya amsa. Feride ta ce za ta rataya mata labule daga ciki don kada ta riƙa tsone mini ido. Na ce ta bari tukuna.