Hoton da ke Tagar Unguwar Sinawa

Broome, 6 ga Mayu

Yaya Jarrad,

Ina gaishe ka. Yaya Perth, yaya aiki? Da fatan tarin nan ya sake ka. Mu lafiyarmu ƙalau, sai kaka Mimi da gwiwarta.

Na rubuto ne don a waya bakina ba ya buɗuwa, kuma ina so ka ji wannan duka.

Jiya Inna Philomena ta dawo daga kasuwa, ko jakarta ba ta ajiye ba ta ce, "Ke 'yar shiru-shiru, ashe ke kika rataye mana tsohonmu a bakin titi?" Ban gane ba. Na ruga Unguwar Sinawa. Yaya, hoton kakanmu ne a tagar wani shago, ya kai ƙofa girma. Wanda na ɗauka da kyamararka, yana zaune a barandar nan ta kwano, hularsa a gwiwa. An rubuta sunansa cikakke a ƙasa, sannan nawa a matsayin wadda ta ɗauka.

Sati uku kacal da binne shi! Mu a gida ko sunansa ba ma kira, an kife hotunansa duka sai manya sun ce lokaci ya yi. Ka san haka. Tare aka haife mu cikin wannan.

Kai kaɗai na tura wa hoton nan. Me ya sa ka ba matar da ke baje kolin hotunan tsohuwar unguwa a shagon? Ko ka ba ta yana da rai, ai ka zo jana'iza, ka koma, ba ka tuna ka ce ta cire ba.

Mimi ta daina bin titin. A nan kuwa take zama da ƙawayenta duk Alhamis tun kafin a haifi mama. Kowa ni yake kallo.

Ka kira matar yau.

Ƙanwarka,
Kiarna

Broome, 12 ga Mayu

Yaya Jarrad,

Gaisuwa. Ina fata kana lafiya, tunda har ka sami ƙarfin rubuto mini abin da ka rubuto.

Wai da yana nan da ya yi alfahari. Wai shi da kansa ya gyara zama. Wai yanzu mutane da yawa sun bar wannan al'adar. To Mimi ba ta bar ta ba, kuma ita ce ta zauna da shi shekara hamsin da ɗaya, ba kai ba.

Ba ka nan ranar da na ɗauki hoton, bari in gaya maka. Da sandarsa muka zaga tsohuwar unguwa, jar ƙasa ta ɓata mana ƙafa. Ya nuna mini inda ake tara bawon kawar teku mai lu'ulu'u lokacin da yake aikin jirgin ruwa, ya ce warin wurin har yau yana cikin hancinsa. Ya nuna mini ƙofar gefe ta tsohuwar silima, wadda irinmu 'yan asalin ƙasa ke shiga ta cikinta a da. Ya ce in ruwan teku ya cika har ƙarƙashin benci yake zuwa, sai kowa ya ɗage ƙafa, a haka ya fara yi wa Mimi magana. Da na ɗaga kyamara ya ce, "Yi sauri, amaryata, kafin kyan ya ƙare." Ni ya yi wa wannan dariyar. Bai yi wa mutanen titi ba.

Sau biyu ina zuwa shagon. Na farko na tsaya a ƙofa na juyo. Na biyu na shiga, matar ta ce me nake so, na ce ba komai, na fito ina jin haushin kaina. A waje wasu 'yan yawon buɗe ido suka miƙo mini wayarsu wai in ɗauke su a gabansa. Na ɗauka, Yaya! Don na kasa cewa a'a.

Ranar Lahadi Mimi ta zagaya ta bayan gari zuwa coci, cikin ranar nan, da gwiwar nan. Sau uku tana zama a hanya. Ba ta ce mini komai ba. Da ma ta zage ni.

Ba ka kira ba. Na sani.

Kiarna

Broome, 19 ga Mayu

Yaya,

Ina gaisuwa, kamar yadda aka koya mini.

Ranar Asabar na koma. Na ce wa matar hoton tagar na kakana ne, ya rasu, a sauke. Ta ce ta yi baƙin ciki ƙwarai, amma saura wata ɗaya a rufe baje kolin, kuma saboda shi mutane ke shigowa. Ta ce in kawo takarda daga wanda ya ba ta. Wato kai.

Ban iya gardama ba. Sai na fita na jingina bayana da gilashin, daidai fuskarsa. Ban kai tsawo ba, idonsa da goshinsa a waje, sai na ɗaga jakar makarantata a ka. Hannuna ya mutu. Mutane na wucewa suna kallona, ka san yadda nake da kallo. Wani ya ce in matsa, na yi kamar kurma.

Wajen sha ɗaya sai ga Inna Philomena da ledar kifi. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ji ta, kamar tsintsiyar da aka jingine. Matsa can, ke wa za ki tare da wannan jikin?" Ta tsaya kusa da ni, ita kam ta rufe rabin tagar. Sai ƙawayen Mimi biyu suka zo da lema, suka buɗe. Babu wanda ya ɗaga murya. Labarin tsadar kifi ma suke yi. Kafin rana ta karkata matar ta sa tsani da kanta ta sauke shi, ta naɗe, ta miƙo da hannu biyu. Yana ɗakin Inna yanzu, cikin zane.

Jiya Alhamis Mimi ta sa rigarta mai furanni, ta riƙe kafaɗata muka bi titin. Da muka zo tagar ba ta juya kai ba. Ta ce, "Yara kan yi kuskure, Kiarna. Na yafe miki."

Ni ta yafe wa. Ban gaya wa kowa kai ne ba, kuma ba zan gaya ba. Wannan maganar taka ce. Ka zo gida ka zauna a gabanta ka faɗa da bakinka, ba a waya ba.

Ta ce in gaishe ka, wai ka riƙa cin abinci. Na isar. Kafin ka zo, kada ka sake rubuto mini.

Kiarna