Fadamar Baba da Igiyar Alƙali

Gulma,
3 ga Nuwamba, 1984.

Zuwa ga ƙanena Arzika,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya iyali, ya ƙarin haƙurinmu? Ran sadakar arba'in ɗin Baba ko fura ba ka sha ba ka haye mota, sai ka ce Birnin Kebbi za ta tashi in ba ka.

Jiya na je wurin alƙali a Argungu. Ya ce tunda Baba bai bar wasiyya ba, mu biyu ne magada: kashi biyu naka, ɗaya nawa. Na ce, to 'ya'yan Sama'ila fa? Ya ce ɗan'uwanmu ya riga Baba rasuwa, don haka Asiya da Riskuwa ba su da ko taki ɗaya. Wata biyar kacal tsakanin ɗa da uba, Arzika! Na fito ina kuka har tasha.

Ka san wanda ya sare fadamar nan. Kai kana makaranta, Sama'ila yana cikin laka har gwiwa. Bana matarsa Hure ce ta sa aka shuka, ta sayar da tumakinta, ga shinkafa ta fara nuna. Ita ce abincinsu, ba su da wani. An ce bayan mako uku za a zo da igiya a auna a raba. Ka zo mu yi magana kafin nan.

Maigandi maƙwabcinmu zai kawo maka wannan in ya kai kifi. Ka gai da mutanen gida.

Yayarka,
Kulsumi.

Badariya, Birnin Kebbi,
9 ga Nuwamba, 1984.

Yaya Kulsumi,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, takardarki ta iso, na kuma fahimta.

Yaya, rabon gado ba ni na tsara shi ba, ba kuma alƙali ba. Yaran nan 'ya'yana ne, in sha Allahu duk Salla zan yi musu ɗinki. Amma ni ma ina da iyali, ginina damina biyu ke nan yana tsaye ba rufi. Wani Alhaji a Argungu ya taya kasona, ban dai amsa masa ba tukuna.

Abu ɗaya zan tuna miki. Shari'a ta ba Baba damar ya yi wa jikokinsa wasiyya har sulusin abin da ya mallaka. Mako uku ya yi yana jinya, hankalinsa garau, ke kina kusa da shi. Da yana so, ai da ya faɗa.

Ki huta lafiya.

Ƙaninki,
Arzika.

Gulma,
14 ga Nuwamba, 1984.

Arzika,

Gaisuwa. Ɗinkin Salla! Yaran za su dafa atamfa su ci ke nan?

Ka ce da yana so da ya faɗa. To, ya faɗa. Ni ce na rufe masa baki, kuma tun ranar abin yake cina.

Ran wata Laraba cikin jinyarsa, da hantsi ina ba shi kunu, ya riƙe mini hannu ya ce, "Kulsumi, kira min liman da Maigandi su shaida. Hwadama wagga ta ɗiyan Sama'ila ta." Ka san mu, ba a barin majinyaci ya yi maganar wasiyya, sai a ga kamar ana yi masa sallama. Na ce, "Haba Baba, mi ya kawo zancen ga? Kai da za ka ci sabuwar shinkahwa tare da mu!" Na tura masa ludayi a baki. Ya dube ni, ya haɗiye. Na ɗauka ƙarfin gwiwa na ba shi. Ran Juma'a harshensa ya karye.

Na koma na gaya wa alƙali. Ya ce bakina ni kaɗai ba ya tsayar da wasiyya, sai in ɗaya magajin ya gaskata ni. Kai ke nan.

Kasona na bar wa yaran, amma ba zai kai su damina ba. Hure ba ta roƙi kowa ba. Kullum tana gona tana korar tsuntsaye daga shinkafar da ba ta san ko wa zai yanka ba, ni kuwa na kasa haɗa ido da ita.

Ban taɓa yi maka ƙarya ba tun ina goyon ka. Ka gaskata ni.

Kulsumi.

Badariya,
17 ga Nuwamba, 1984.

Yaya,

Na gaskata ki tun kafin ki rubuto.

Mako guda kafin Larabar nan Baba ya aiko Maigandi ya ce in zo da takarda da biro. Na san abin da zai sa in rubuta. Na ce aiki ya yi yawa, sai ƙarshen wata.

Ke don kina son sa kika hana shi magana. Ki daina kuka, Yaya, kukan nawa ne.

Ina tafe ran Alhamis, mu je gaban alƙali tare. Ki ce wa Hure ta wasa laujenta. Amma ki tsaya kusa da ni in zan gaishe ta.

Ƙaninki,
Arzika.